Abin da Likitoci Suka Gano: Jawabi ga Ɗaliban Ajin Manya

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Jawabin wannan wata ya shafi abubuwa uku da binciken masana ya gano a Kano.

Na farko, ruwan masana'antu. Ƙauyuka da yawa suna da 'ya'ya masu aiki a Sharaɗa da Challawa da Bompai. Wasu a majemu suke. A can ana jeme fata da wani sinadari mai suna kuromiyam. Ruwan da aka gama aiki da shi daga Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa. Na Bompai kuwa yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara. Masana na Jami'ar Bayero sun auna wannan ruwa. Sun sami kuromiyam da dalma a cikinsa, har da cikin ganyen da aka yi wa ban ruwa da shi. Kuromiyam yana kawo ƙaiƙayi da gyambo a fata. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro. A tuna da Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gida ta kashe yara fiye da 400. Saboda haka ma'aikaci ya sa safar hannu da takalmin roba. Ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Mai lambu kuma ya guji ruwa mai launi da wari.

Na biyu, amosanin jini, wato sikila. Yaro mai sikila yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki tun yana ƙarami. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala sun yi bincike tare da likitocin Kaduna da na Amurka. Sun yi amfani da wata na'ura mai auna gudun jini a jijiyoyin kai. Ba allura, ba zafi. Yaran da aka ga suna cikin haɗari, an ba su wani magani mai suna haidiroksiyuriya, suna sha kullum. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ko kaɗan aka ba da maganin yana rage haɗarin. Amma likita ne kaɗai zai auna shi. Kuma kafin a ɗaura aure, a yi gwajin jini. Idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana iya zuwa da SS, kashi ɗaya cikin huɗu.

Na uku, mashaƙo. Wannan cuta ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022. A 2023 babu jihar da ta kai Kano yawan masu ita. Da aka duba, sai aka ga yawancin yaran ba su cika allurar rigakafi ba. Alamominta su ne zazzaɓi, da ciwon maƙogwaro, da kumburin wuya, da wata yana mai ruwan toka a cikin maƙogwaro. In an ga haka, kada a kira wanzami a ce beli ne. A garzaya asibiti a ranar, domin yanar tana iya toshe numfashi. Ana yi wa jariri allurar kariya sau uku: yana da sati 6, da sati 10, da sati 14. Kyauta ce a asibitin gwamnati.

Nan ne amfanin karatu yake fitowa. Uwar da ta iya karanta katin asibiti ba ranar allurar da za ta wuce ta. Kowane ɗalibi ya ɗauko katin 'ya'yansa yau da dare ya duba. In akwai layin da ba a cike ba, gobe da safe a nufi asibiti. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.