Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Amma Rashin Barci Yana Hanawa

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti)

Yau a filinmu na kiwon lafiya, da manyan ɗalibai za mu yi magana. Magidancin da ya daɗe da barin aji ya sake ɗaukar biro, malamar firamare mai NCE da ke neman digiri, ma'aikacin jinya da ƙarin girma ya tsaya masa saboda takarda, da ɗan kasuwar da ya ce bari ya koma ya ƙarasa abin da talauci ya katse masa tun yana saurayi. Allah Ya ba ku sa'a, Ya sa ku gama lafiya.

Ƙofofin karatu sun yawaita. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, tana da cibiyoyi a jihohinmu. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI da ke Kaduna, tun 1976 take wannan aiki. Jami'ar Ahmadu Bello tana da tsarin karatu daga nesa, Jami'ar Bayero ma tana da tsarin da aka yi domin masu aiki. Sai dai takardar shiga makaranta ba ta ƙara wa yini ko da awa ɗaya. Aiki yana nan, iyali suna nan, biki da suna da zaman makoki suna nan. To daga ina ake yanko lokacin karatun? Yawancinmu daga barci muke yankowa, kuma daga nan matsalar take farawa.

Mu ɗauki misalin malamar firamaren nan. Ta tashi kafin asuba, ta ɗora abin kari, ta shirya yara, ta je ta wuni a tsaye gaban ajin da ya cika maƙil. Ta dawo ta ɗora tukunya, ta tura yara Islamiyya, ta yi wanke-wanke, ta sallami maigida. Sai wajen ƙarfe sha ɗaya na dare ta jawo takardunta, babu wuta, ta kunna fitilar waya ta jingina ta da kofi. Ta haɗa shayi mai kauri da Nescafé, wani lokaci ma ta tsoma ƙafafunta a bokitin ruwan sanyi don kada gyangyaɗi ya kwashe ta. Ƙarfe biyu ta kwanta, huɗu da rabi ta miƙe. Mako ɗaya, biyu, wata guda. Daga nan sai ta fara cewa, "Wallahi karatu ba ya shiga. In na kai ƙarshen shafi na manta farkonsa. Kaina zafi yake ɗauka, kamar wani abu na yawo a ciki."

Wannan koke ba sabo ba ne a wurin likitoci. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya yi rubutu kan ɗaliban Najeriya masu zuwa da irin waɗannan alamu: zafi a ka, ciwon wuya, dishi-dishin gani, da kasa fahimtar abin da ake karantawa. Likitocin da suka biyo baya sun danganta abin da fargaba, da damuwa, da ƙarancin barci, da shan abubuwan hana barci. Saboda haka, 'yar uwa, ba ƙwaƙwalwarki ce ta tsufa ba, kuma ba dole ne a ce sammu aka yi miki ba. Kin hana ta abin da take buƙata ne.

A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take tattara abin da aka koya da rana ta adana shi. Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7 a dare. Wanda ya yi karatun awa ɗaya ya samu barcinsa, sau da yawa ya fi riƙe abin da ya karanta a kan wanda ya raba dare yana bin layi da jajayen idanu. Sinadarin kafin da ke cikin kofi da shayi da goro da lemon ƙara kuzari na gwangwani kuwa ba ya fita da wuri. Bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jiki. Goron da ka ci bayan Magariba yana tare da kai har tsakar dare, ka kwanta ido biyu, zuciya na bugawa, kai kuma ka ɗauka tunanin jarrabawa ne kawai. In za a sha, a sha da safe, daga La'asar a haƙura.

Sai babban gargaɗi. Akwai masu ba da shawarar a haɗiyi tiramol wai don a jure zaman karatu, ko a je kemis a sayi ƙwayar barci bayan an kasa runtsawa. Tiramol yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yana kuma iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ƙwayoyin barci irin su diazepam ma suna kama jiki, suna dusashe tunani. Kada magidanci mai 'ya'ya ya shiga makaranta neman digiri ya fito da jarabar ƙwaya.

(Gajeren kiɗa)

Kafin mu ɗora wa damuwa laifin komai, a duba jiki. Mutum in ya haura shekara 40, ido yakan fara wahalar ganin ƙananan rubutu na kusa. Za ka ga Malam yana nesanta takarda da fuskarsa, yana ƙanƙance ido, bayan rabin awa kai ya ɗau ciwo. Wannan tabarau ne maganinsa, kuma ba shi da tsada sosai. Hawan jini, ciwon suga da ƙarancin jini su ma suna kawo kasala da ciwon kai. A je a auna. Abin da ba na goyon baya shi ne a yi ta shan maganin maleriya da taifod wata bayan wata ba tare da gwaji ba, alhali abin da ke damun mutum daban ne.

Akwai kuma nauyin da awo ba ya nunawa, wato kunya. Dattijo ya zauna benci ɗaya da sa'o'in ɗansa. Ranar jarrabawar kwamfuta yaran suna ta danne-danne sun miƙe, shi yana neman inda harafi yake, gumi na keto masa. Aka kafe sakamako ya ga ya faɗi kwas biyu, ya koma gida bai gaya wa kowa ba, domin shi ne mai yi wa yara faɗa kan sakamakonsu. Ga kuɗin rajista da ya ciwo bashi ya biya, ga kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. A majalisa kuma wani ya jefa masa magana: "Alhaji, da girmanka me za ka yi da boko yanzu?" Ya yi dariya, amma maganar ta kwana da shi.

Malam, gaskiya ne yaro ya fi ka saurin hadda. Kai kuma ka fi shi sanin inda darasin yake aiki, domin ka ga rayuwa. Kada ka ji nauyin ce wa yaron da ke kusa da kai, "Ɗana, zo ka nuna mini yadda ake shiga wannan shafi." Yawancinsu da murna za su yi. Ka nemi 'yan ajinku biyu ko uku masu irin shekarunka da irin nauyinka ku riƙa haɗuwa, ko a waya ne. Karatu daga nesa yana da kaɗaici, kuma kaɗaici yana kumbura ƙaramar matsala.

Shawarata mafi muhimmanci ita ce a yi zama a gida tun kafin zango ya fara. Ko jaki ba a ƙara masa mangala sai an duba wadda ke bayansa. Wane aiki za a sauke? Wa zai ɗauka? Maigida, in ka amince matarka ta koma makaranta, amincewar ba ta ƙare a biyan kuɗi ba. Ranar da take da jarrabawa, in an sayo abinci a waje ko manyan yara sun yi girki, ba a yi laifi ba. Uwargida, in maigida ya shiga ɗaki da littafi bayan Isha'i, a janye masa yara na awa guda. A sanar da dangi cewa watan jarrabawa ba kowane taro za a samu zuwa ba. Zumunci ba zai yanke don wannan ba. Mai aikin gwamnati kuma ya bincika ko ya cancanci hutun ƙaro karatu, ya nema a rubuce.

In kaya sun yi yawa, a rage kwasa-kwasan da za a ɗauka a zango, inda tsarin makaranta ya yarda. In rashin lafiya ko haihuwa ko rasuwa ta faɗo, makarantu da yawa suna ba da damar jingine zango, muddin an rubuta takarda a kan lokaci. Wanda ya gama a shekara shida da lafiyarsa bai yi asara ba. A kuma riƙa motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar rabin awa da ɗan sauri sau biyar, kuma tafiyar tana rage fargaba, tana gyara barci.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu ku ba ni kunnuwanku sosai. Gajiyar karatu daban, ciwon damuwa daban. Gajiya tana tafiya in an huta, ko in jarrabawa ta wuce. Amma idan mutum ya kai mako biyu kusan kullum cikin baƙin ciki, abin da yake so a da ya fita daga ransa, hira da iyali ta zama masa nauyi, abinci ba ya ciwuwa, yana farkawa tsakar dare barci ya ƙi dawowa, yana ganin kansa ba shi da amfani, to wannan ciwo ne mai suna, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 5 cikin 100 na manya a duniya suna fama da shi, kuma ya fi yawa a mata. Ba raunin imani ba ne. Mai yawan ibada ma yana kamuwa, kamar yadda yake kamuwa da hawan jini. A yi addu'a, a yi azkar, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Na san abin da ke tsayar da mutane: kada a gan su a asibitin ƙwaƙwalwa a ce sun taɓu. To ba sai ka fara da can ba. Fara da likitan babban asibitin da ke kusa da kai, ko asibitin makarantarku, ka faɗa masa komai, har da abin da kake sha don hana barci. In akwai buƙata zai tura ka gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, da Dawanau a Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Yawancin masu zuwa ganin likita suke yi su koma gida a ranar. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana a nuna wa mai wannan lalura wariya, ta kuma kare sirrinsa. Wani magani ta hanyar tattaunawa da ƙwararre ake yinsa, wani da ƙwaya. In an ba ka ƙwaya, takan ɗauki makonni kafin a ji canji, kuma ba a daina ta kwatsam sai da sanin likita.

In kuwa tunani ya fara zuwa maka cewa gara mutuwa da wannan rayuwa, ko kana tunanin cutar da kanka, wannan ba ya jiran mako biyu, ba ya jiran a gama jarrabawa. Ka gaya wa wani da ka yarda da shi yau ɗin nan, ku tafi asibiti tare. Wanda aka gaya wa kuma, don Allah kada ka yi masa faɗa, kada ka ce "kai ma dai," kada ka bar shi shi kaɗai. Ka saurare shi, ka ɗauke duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ka raka shi wurin likita.

Jama'a, lokaci ya cim mana. In akwai babban ɗalibi a gidanku ko a wurin aikinku, yau ku tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya, ku tsaya ku ji amsar. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)