Awon Ƙarfin Lantarki: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Na Yankin Dutsi Da Daura



Kuka iri biyu talakawa su kan kawo ƙofar hakimi game da lantarki. Na fari, an ɗauke wuta. Wannan ba gardama, kowa ya ga duhu. Na biyu shi ne mai wuya, watau wuta ta zo amma ba ƙarfi. Ƙwan lantarki ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyawa da ƙyar, injin rijiyar burtsatse ya yi ta gurnani har ya ƙone. Hakimi ya aika da takarda, ma'aikaci ya zo da hantsi ya gwada, ya tarar kome daidai, ya koma. Bai yi ƙarya ba, talakawa ma ba su yi ba. Shi da hantsi ya auna, su kuwa da magariba su ke shan wuya.

Ma'aunin ƙarfin lantarki sunansa bolt. Daga manyan tashoshi, irin na Kainji da aka gama a 1968, wuta ta kan taso da bolt 330,000. A rage ta zuwa 132,000 ta iso Katsina da Daura, a sake ragewa zuwa 33,000 ta nufi garuruwa, sa'an nan taransifomar unguwa ta mai da ita 230, abin da kayan gida ke bukata ke nan. To, kamar yadda ruwan lambu ke raguwa kafin ya kai fangali na ƙarshe, haka ƙarfin nan ke raguwa in waya ta yi tsawo, ko ta yi siriri, ko masu ja sun yi yawa. Gari irin Dutsi, da ke tsakanin Katsina da Daura, ta doguwar waya wuta ke isa gare shi.

Wadansu na tsammani ƙarfi ya yi yawa ne kaɗai ke ɓarna. Ba haka ba ne. Inji mai juyawa, in ƙarfi ya kasa, sai ya ƙara jan wuta don ya cika aikinsa, wayoyin cikinsa su yi zafi su ƙone. Haka a ke asarar famfo da firiji, kuɗin gyara kuwa daga aljihun jama'a ya ke fita.

Tun 2020 hukumar NERC ta kasa masu shan wuta rukuni biyar, daga masu awa 20 a rana har zuwa masu awa 4, kowa da farashinsa. Amma awa a ke ƙirgawa. Mita ma yawan abin da aka sha ta ke faɗa. Ba ta cewa ko mudun da aka auna wa mutum cikakke ne.

Maganin wannan gardama wata 'yar na'ura ce mai auna ƙarfin wuta tana rubutawa, dare da rana, ba ta barci. Ta dā tana da faifan takarda mai juyawa kamar agogo, da alƙalami mai zana layi. Ta yanzu a cikinta ta ke ajiye lissafin, a karanta a kwamfuta. A Turai ƙa'ida ita ce a bar ta mako guda cur, tana ba da awo kowane minti goma, watau awo 1,008 ke nan. Ina ziyara ɗaya ta hantsi za ta kama ƙafar wannan?

Ga yadda a ke karanta shaidarta. In ƙarfi ya kan faɗi daga magariba, ya dawo tsakar dare, kaya sun fi ƙarfin taransifoma ko waya. In a ƙasa ya ke dare da rana ko'ina cikin gari, daga babban layi abin ya taso. In ya kan nutse na ɗan ƙiftawar ido ya taso, akwai mai walda ko injin niƙa kusa. Mafi hatsari shi ne a ga wani layi ya yi sama, wani ya yi ƙasa. Sau da yawa wannan alama ce wayar da masu gyara ke kira nutural ta tsinke, ko an sace ta, ƙarfi kuwa ya kan haura har kusan 400, ya cinye kayan unguwa cikin dare ɗaya.

Abin da ya fi shi ne a ɗaura na'ura biyu, ɗaya gindin taransifoma, ɗaya a gida na ƙarshen layi. Amma hakimin da ya nemi awo ya shirya jin abin da ba ya so. Wani lokaci takardar za ta nuna gyara na kamfani ne. Wani lokaci kuwa mutanensa za ta nuna, masu maƙala waya ba izini, har da waɗanda a ke jin nauyin yi musu magana.

Aikin malamin hakimi a nan ba ƙarami ba ne. Ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta rana, da sa'a, da unguwa, da abin da ya ƙone, don a gwada da abin da na'ura ta rubuta. A nemi awon da bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da kowace fanka ke aiki, gama awon lokacin hunturu ba ya nuna kome. Kada a bar kowa ya taɓa taransifoma sai ma'aikacin kamfani, na cikin gida kuwa sai gwanin gyaran wuta.

In sakamako ya fito, a rubuta wa ofishin KEDCO, wanda ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, a haɗa da kwafin awon da na littafin malam, a karɓi shaidar an karɓa. In ba a sami biyan bukata ba, a kai ƙara gaban hukumar da ke sa wa kamfanin ido. Kwafi ɗaya ya zauna a ofishin hakimi, domin baɗi da bazara a sake awo a gwada da na bana.