Kafin Kwamfuta Ta Kwaikwayi Kamfani



An nemi in yi bayani a kan yadda ake kwaikwayon harkar kamfani a cikin kwamfuta, tun daga sayen ɗanyen kaya har kai su ga mai saye, domin a gwada shawara kafin a zuba mata kuɗi. Dabarar ba ta yau ba ce. Tun 1961 Jay Forrester na jami'ar MIT a Amurka ya nuna yadda ɗan ƙarin ciniki a kanti yakan yi ta kumbura yayin da oda take hawa daga ɗan kiri zuwa ɗan sari, har masana'anta ta sarrafa kayan da ba mai bukata.

To, amma inda nake so mu tsaya shi ne kan kalmomi. Tambayi direba yaushe kaya suka iso, zai ce ranar da ya tsaya a bakin ƙofa. Akawun sito zai ce ranar da ya ƙirga ya sa hannu. Akanta kuwa sai takarda ta hau teburinsa, wataƙila bayan mako guda. Mutum yakan lura da wannan saɓani. Kwamfuta ba ruwanta, za ta haɗa ranakun uku ta ba da amsar ƙarya, shugabanni su gina kasafi a kanta.

Maganin da masana suka samo shi ne ontoloji, wato ƙamus mai ƙa'ida wanda na'ura ke iya aiki da shi. A farkon shekarun 1990 Mark Fox da abokan aikinsa a jami'ar Toronto ta Kanada suka tsara irinsa mai suna TOVE. A cikinsa kowane aiki sai an faɗi sharaɗin fara shi, da halin da yake haifarwa, da abin da yake cinyewa, da wanda yake ara ya saki. A gidan burodi, fulawa cinye ta ake yi, tanda kuwa aronta ake yi. In an rubuta haka, sai na'ura ta iya amsa tambaya irin wannan: idan jirgin alkama ya makara mako biyu, odar wa za ta faɗi?

A ganina wuyar aikin ba a wajen injiniya take ba. Tana ɗakin taro, inda za a zaunar da shugabannin sassa har su yarda da ma'ana guda, kowa kuwa yana ganin tasa ce daidai. Rubuta abin da aka yarda a kai, sau da yawa a kan ƙaramin ma'aikaci yake faɗawa, wato irinku.