Malamin Asibitin Unguwarku, A Ina Ya Yi Karatu?



Idan yaro ya kwana da zazzaɓi a Mabera ko Runjin Sambo a nan Sakkwato, gari na wayewa uwarsa ƙaramin asibitin unguwa take nufa. Wanda za ta tarar can, wanda muke kira likita don girmamawa, galibi jami'in lafiyar al'umma ne. Masu aikin suna ce masa CHEW. Shekara 3 yake yi a makaranta, ƙaraminsa kuwa, JCHEW, shekara 2. Da yawa cikin namu a kwalejin kiwon lafiya ta Sultan Abdurrahman da ke Gwadabawa suka koyo. Bayan ya gama sai ya ci jarrabawar hukumar rajista ta ƙasa da aka kafa a 1992, ta ba shi lasisi.

Ana koya masa rigakafi, awon ciki, gwajin maleriya, haɗa ruwan gishiri da sukari. Tun 2014 ma gwamnatin tarayya ta yarda a ƙara musu horo su karɓi haihuwar da ba ta zo da gardama ba. Amma ni abin da na fi ɗauka da girma shi ne littafin ƙa'idojin aikinsu. Littafin nan yana faɗa masa ƙarara: wannan ka yi magani, wancan ka tura gaba.

Ku dubi cutar nan mai zaizaye baki da fuskar yara, wadda likitoci ke kira noma. Da ɗan gyambo take farawa a dasashin yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana. Malamin da ya samu horo zai buɗe bakin ya duba, ya fara ba da magani, ya tura yaron Asibitin Noma da ke nan garin, wanda aka buɗe a 1999. Wanda bai koya ba sai ya ce zafi ne, a dawo jibi. Cikin 'yan kwanaki kumatu ya huje. Allah Ya tsare mana zuri'a.

Don haka iyayenmu, Alhaji da Hajiya, in 'yarku ta ce aikin asibiti take so, ku sa mata albarka. Matanmu sun fi sakin jiki da mace 'yar'uwarsu. Sai dai kafin ku biya ko sisi, ku je makarantar da ƙafarku, ku ce a nuna muku takardar amincewar hukumar rajista. Makarantun kuɗi sun yawaita, kuma takardar wadda ba ta da izini ba ta kai ɗalibi ga lasisi.