Waɗanda muka bari a hannun wasu

(Jawabin da aka yi da sunan malaman lakwal, ranar taron shekara na ƙungiya, a ƙofar gidan mai gari.)

Ranka ya daɗe mai gari, Allah gafarta liman, iyayenmu maza da mata, ƴan'uwa ƴan ci-rani da kuka zo daga Yamai, da Agadas, da Kano, har da waɗanda za a karanta ma wannan takarda a can inda suke, muna gaishe ku.

Biron ƙungiya ya ba mu izinin magana, wasu sun zaci maganar rufin aji ce za mu ɗauko. Tana nan, amma wata ta fi ta damunmu. Ita ce maganar mutanen da muke bari a hannun wasu in za mu tafi neman abinci: tsoho da tsohuwa, makaho, mai taɓin hankali, da yaron da aka ba riƙo. Dukansu abu ɗaya ya haɗa su, ba su iya kai ƙarar mai ba su tuwo.

Mu abin da muka fi sani shi ne kiran suna. Kowace safiya muna buɗe kaye, mu kira yara ɗaya bayan ɗaya. Bara wani yaro ɗan aji uku ya yi kwana goma ba ya amsawa. Muka aika gida, aka ce ya tafi riƙo wurin gwaggonsa. Muka yarda, muka ja layi a kan sunansa. Sai bayan wata huɗu muka ji ashe wata mata ce ta karɓe shi ta nufi arewa da shi wurin bara, a kan za ta riƙa aiko ma uwar wani abu. Mun yi laifi. Da mun taka da ƙafarmu mun tambayi wace gwaggo, a wane gari, watakila da an tare shi tun a tasha.

Kada kowa ya ce bai san ƙarshen irin wannan tafiya ba. A watan Oktoba na 2013 motoci suka lalace a cikin Sahara, gaba da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. An tsinci gawa 92, a ciki 52 yara ne, 33 mata, galibinsu daga wajen Kance. A watan Maris na 2022 kuma gwamnati ta kwaso kimanin mutum dubu a jirgin sama daga Dakar, inda suke bara a bakin titi, yawancinsu mata da yara daga Kance da Magarya. Tun 2010 ƙasarmu take da dokar hana fataucin mutane, kuma sa wani bara don a ci ribarsa yana cikin abin da ta hana. Wanda ya karɓi yaron da wanda ya ba da shi, duka suna iya tsayawa gaban alƙali.

Amma ba sai an ƙetare Sahara ake cutar mai rauni ba. Nan cikin gari ma ana yi, kuma sau da yawa ba da mugun nufi ba. Ku yi mana haƙuri, ƴan ci-rani, nan za mu ɗan daɗe. Mutum yana can yana aiko jika goma kowane wata don tsohuwarsa. Ya buga waya, a ce masa lafiya lau take, ya kwanta hankalinsa kwance. To wa ya amsa wayar? Mai riƙon ce. Tsohuwar tana can cikin ɗaki, kunne ya yi nauyi, ko an miƙa mata wayar mai riƙon na tsaye a kanta, kuma kun san iyayenmu da kunya, ba za ta ce ta kwana da yunwa ba. Mun shiga wani ɗaki da damina muka tarar da tsohuwa a kan jiƙaƙƙiyar tabarma, ƙugunta ya yi gyambo saboda kwanciya gefe ɗaya ba mai juya ta. Ɗanta bai taɓa fasa aike ba ko sau ɗaya.

Kafin mu zagi matar da ke riƙon ta, mu dube ta ita ma. Suruka ce, yarinya, da goyo da ƴaƴa huɗu. Ita ce daka, ita ce rijiya, ita ce gonar da mijin ya bari. Ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake juya marar lafiya, ba wanda ya taɓa cewa yau ki huta ni zan kwana wurin Inna. Kuɗin ma ba hannunta suke zuwa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai kuma waɗanda aka sa a mari a bayan gida. Wasu ma farfaɗiya ce kawai ke gare su, kuma ba a ɗaukar ta ta miyau ko ta ƙwaryar abinci. Tana da ƙwayar da ake sha kullum, da yawa in sun dage da sha faɗuwar takan tsaya. A fara kai su wurin likita, shi zai ce ko sai an wuce babban asibitin Damagaram.

Ga abin da muke roƙon taro ya yanke yau. A zaɓi mutum biyu a kowace unguwa, namiji da mace, dattawa masu riƙe sirri, waɗanda ba dangin mai riƙon ba. Sau ɗaya a wata su shiga gidajen, ba tare da sun faɗi ranar ba. Su zauna da mutumin shi kaɗai, su dubi shimfiɗarsa, da jikinsa, da ƙwaryarsa, su tambayi mai riƙon ita ma abin da ya fi ƙarfinta. Abin da suka gani su gaya ma mai aiko kuɗin kai tsaye, ba a dandali ba. In duka ne, ko an taɓa yarinya, ko za a fita da yaro, wannan ya wuce sulhun zaure: a sanar da mai gari a ranar, a kai ga jandarma ko ma'aikatan kare yara, akwai alƙalin yara don haka. Mun san wasu za su ce tonon asiri ne. Mu a ganinmu asirin da ya fi cancanta a rufa shi ne na wanda ke kwance.

Mu kuma malamai mun ɗauki namu. Daga bana duk yaron da ya yi kwana uku bai amsa suna ba, ɗayanmu zai je gidan da kansa. Wanda aka ce ya tafi riƙo, za mu rubuta sunan mai riƙon da garinsa da lambar wayarsa, mu ba sakatare.

Kuɗin sabulu da na kai marar lafiya likita, muna roƙon a ware su daga asusun ƙungiya, ma'aji ya faɗa mana abin da zai yiwu. Sunayen masu zagayen kuwa a kawo su kafin ranar kasuwa, tun ƴan ci-rani ba su koma ba.