Mai Giyar Hannu ko Otomatik: Wacce Za Ka Saya wa Iyali?

 

Yau maganar mota za mu yi, motar gida, wadda za ta kai yara makaranta, ta kai ka kasuwa, ta ɗauki iyali zuwa suna ko ta'aziyya, wata rana kuma ta ɗauki mai naƙuda cikin dare zuwa asibiti. Kai da ka sayar da bijimai uku ko huɗu, ko ka tara ribar fatauci ta shekaru, ka isa wurin dillali ya nuna maka motoci biyu, shekararsu ɗaya, kuɗinsu kusan ɗaya. Ɗaya mai giyar hannu, wato manuwal, ɗaya otomatik. Wacce za ka ɗauka?

Shawarata a taƙaice ita ce: ka zaɓi mota da tunanin ranar da za ta tsaya maka. Ranar saye kowace mota lafiyayya ce. Abin tambaya, idan ta ƙi tashi, a ina za ta ƙi, kuma wa ke kusa da zai tayar da ita?

Bari mu fara da abin da ke cikin cikinsu. Mai giyar hannu tana da kuloci, wani faranti ne da ke haɗa inji da giyabos, wanda makanikan ɓangaren Nijar ke kira buwat. Ka taka kuloci ka raba su, ka sa giya, ka saki su haɗu. Ƙarfe ne da ƙarfe, sai ɗan mai a ciki don kada haƙora su ci juna. Ita kuwa otomatik, mai ne ke yin aikin da ƙafarka da hannunka suke yi. Akwai famfo a cikinta da inji ke juyawa, shi ke tura mai da ƙarfi, man ya matse faranta a ciki giya ta shiga. Riƙe wannan da kyau: in inji bai tashi ba, famfon ba ya juyawa, in famfon bai juya ba, babu giya. Kusan duk abin da zan faɗa a gaba daga nan ya samo tushe.

Na farko, turi. Batir ya yi sanyi da asuba a ruga, ko sitata ta maƙale a bakin rijiya. Mai giyar hannu, samari uku sun isa: ka murɗa makulli, ka sa giya ta biyu, su tura, ka saki kuloci, ta kama. Sai dai motocin yanzu masu kwamfuta suna buƙatar ɗan sauran wuta a batir kafin turin ya yi amfani, in ya mutu murus ba za ta kama ba. Otomatik kuwa ko garin duka ya fito ya tura ta ba za ta tashi ba. Sai an kawo wani batir, ko wata mota ta zo a haɗa wayoyi. A Maraɗi ko Katsina wannan aikin minti goma ne. A daji tsakanin Dakoro da Bermo, ko arewa da Tanut, yana iya zama yini guda, kuma mara lafiya ba ya jiran yini.

Na biyu, ja. Mun saba mota ta lalace a ɗaure ta da igiya a ja ta har gari. Mai giyar hannu tana jure wannan fiye da 'yar'uwarta. Otomatik in ka ja ta da nisa tayoyinta masu aiki suna ƙasa, cikinta na juyawa ba tare da mai yana zagayawa ba, sai ta ƙone. Littattafan motoci da dama sun ƙayyade kada a wuce gudun kilomita 50 a awa da nisan kilomita 50, wasu ma sun hana gaba ɗaya. Mafita ita ce a ɗaga tayoyin da ke ja, ko a kwance farfela in mai jan baya ce, ko a ɗora ta a kan babbar mota. Mutum nawa ne ƙaramin gyara ya tsayar da su, jan da aka yi wa motar ya jawo musu sayen giyabos sukutum?

Na uku, zafi da lodi da yashi. Babban abokin gaban otomatik shi ne zafin mai. Motar da aka ƙera don mutum biyar, mu mukan sa mata takwas, da buhun gero, da jarkokin ruwa, da rago a but, a tsakiyar watan Afrilu. In ta shiga yashi tana nishi a hankali, man yana dahuwa. In ta kafe ka dinga sa gaba da ribas da sauri kana danna totur, kana ƙara masa wuta. A yawancin motocin nan man giya ta cikin lagireto yake bi ya huce, don haka duk abin da ya taɓa lagireto ko fanka ya taɓa giyabos. Kuma in bututun da ke cikin lagireton ya tsage, ruwa ya gauraya da man, za ka ga ya koma kamar madara mai ja-ja. To ka tsaya nan take. Haka in ka ratsa kwari da damina ruwa ya shiga. Mai giyar hannu sau da yawa a zubar da man a zuba sabo ta ci gaba, amma farantan otomatik ba su shiri da ruwa ko kaɗan.

To amma a yi adalci. A cikin yashi otomatik tana da nata alheri: tana canza giya ba tare da ƙarfin ja ya yanke ba, alhali mai giyar hannu da ka taka kuloci motar take rage gudu, wani lokaci nan take nutsewa. Direban da bai ƙware ba yana iya ƙone farantin kuloci a kafewa ɗaya. Bambancin yana wurin gyara. Farantin kuloci kusan kowane bakanike a Ƙonni, Illela, Magarya ko Maigatari zai canza maka shi a yini ɗaya, kuma kayan suna samuwa. Mun daɗe da irin wannan mota, tun Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, hannun makanikanmu ya faɗa da ita. Cikin otomatik kuwa ba kowa ke buɗewa ya mayar daidai ba. Galibi sai a ce ka sayi wani giyabos na hannu daga Kano ko Yamai ko Kwatano, shi ma ba ka san irin wahalar da ya sha ba. Kun kuma ga abin da ya faru da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan Yulin 2023. Kayan da sai ya ƙetare iyaka kafin ya iso ka, ranar da aka rufe hanya motarka ta zama ɗakin kaji.

Na huɗu, su wa za su tuƙa? Nan ne otomatik take cin nata kason, kuma ba ƙarami ba ne. Motar iyali da mutum ɗaya kawai ya iya tuƙa ta, ranar da ya tafi kasuwar Maigatari ta Alhamis ko ya bi dabbobi mashekari, gidan ba shi da mota. Otomatik tana da sauƙin koyo. Uwargida za ta iya, dattijo mai ciwon gwiwa zai iya, ba ta mutuwa a tsakiyar mararraba, ba ta komawa baya a kan tudu da sauƙi. Wanda ke shiga cunkoson Kano ko na Yamai kullum ya san yadda kuloci ke gajiyar da ƙafar hagu. Hajiya, ke da kike kai yara makaranta a cikin gari, kina zuwa shago a kan kwalta, babu dalilin da za ki wahalar da kanki da kuloci, muddin akwai gareji na kirki a garinku.

Na biyar, shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 kowa a bakin iyaka yake lissafin lita. Tsofaffin otomatik masu giya huɗu sun fi takwarorinsu na hannu shan mai, musamman a cikin gari da kan hanyar burji. Sababbi masu giya shida zuwa sama sun cike wannan giɓin, wasu ma sun fi. Don haka kada a ce maka duk otomatik mashayiya ce, ka tambayi shekararta da yawan giyarta.

Akwai kuma wata iri da ya kamata ku sani, ana ce mata CVT. A ido otomatik ce, amma a ciki bel ne na ƙarfe ke yawo tsakanin gargare biyu. Ba ta shan mai sosai, tana da laushi a kan kwalta, sai dai ba ta son lodi mai nauyi da kafewa a yashi, kuma manta daban ne. Motocin Nissan da yawa ita ce a cikinsu, haka Corolla 'yan Amurka da yawa daga 2014 zuwa sama. Mai shiga daji da kaya, ka kauce mata. Ka kuma sani motocin da ke fitowa daga Amurka kusan duk otomatik ne, Sienna ma ba a yi ta da giyar hannu ba. Masu giyar hannu sun fi yawa a cikin waɗanda suka fito daga Turai.

Yanzu ga gwajin da za ka yi kafin ka ƙirga kuɗi. Ba ka sayen sa sai ka duba haƙoransa ka ga tafiyarsa, to mota ma haka.

In mai giyar hannu ce, ka ja hambirki, ka sa giya ta uku, ka saki kuloci a hankali. Inji ya mutu, farantin yana da sauran rai. In ya ci gaba da aiki, farantin ya cinye. Ka hau titi ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya har ribas, ka saurari ƙara, ka lura ko wata tana fita da kanta.

In otomatik ce, ka taka birki ka sa D, ka dawo ka sa R. Ya kamata ta kama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba bugu ba jinkiri. In tana da sandar auna man giya, ka zaro ka goga a farin ƙyalle. Ja mai haske shi ne lafiya, baƙi mai warin ƙuna alamar ta sha wuya. Ka tuƙa ta aƙalla rabin awa har ta yi zafi sosai, don wasu cututtukan ba su fitowa sai mai ya ɗumama. In ka ji inji na ƙara kuka gudu bai ƙaru ba, tana zamewa. Ka duba fitilar gargaɗin inji: ta kunnu in ka murɗa makulli, ta mutu in inji ya tashi. In ba ta kunnu ba sam, wataƙila an cire ƙwan don a ɓoye matsala. Ka tafi da bakanikenka, wanda ba shi da la'ada a cinikin. Dillalin da ya hana ka gwaji, ka bar masa kayansa, cinikin biri a sama ke nan.

In kuma ka riga ka sayi otomatik, ga abin da zai tsawaita ranta. Ka zuba irin man da aka rubuta mata, shi kaɗai. Na Toyota daban, na Honda daban, na CVT daban, jan launi kawai ba shaida ba ne, kuma jabu ya yi yawa a kasuwannin iyaka. Da irin zafinmu da lodinmu, kada ka bari ya wuce kilomita 60,000 ba a canza ba. Ka tsaya cak kafin ka sa R ko P. A gangara irin ta tuddan Adar, wajen Buza da Keita, ka sauko da ita 2 ko L inji ya taimaki birki, kada ka sa firi don tsimin mai. Wayoyin haɗa batir kada su bar but, kuma ka canza batir tun yana nuna gajiya. Kai kuma mai giyar hannu, ɗauke ƙafarka daga kan kuloci in ba giya za ka canza ba, kada ka riƙe mota a tudu da shi, aikin hambirki ne. Ku duka biyun, in za ku shiga yashi ku rage iskar taya, ku riƙe famfo da shebur. Tsayin cikin mota daga ƙasa da ingancin taya suna fidda mutum daga yashi fiye da irin giyarsa.

To ga hukuncin. In gidanka ko dabbobinka suna nesa da kwalta, in tsakaninka da bakaniken da ya san aiki akwai tafiyar awanni, in lodi ba ya rabuwa da motarka, ka ɗauki mai giyar hannu, sannan ka zaunar da mutum biyu a gidan su koye ta sosai, har da uwargida in tana so. In zamanka a gari ne, tafiyarka a kan babbar hanya irin ta Maraɗi zuwa Katsina ko Damagaram zuwa Kano, kuma mutane da yawa za su riƙa tuƙi, ka ɗauki otomatik ta gargajiya, daga irin motar da ta yi yawa a garinku, don kayanta su samu. Ko wacce ka ɗauka, ka ware wani abu daga kuɗin don canjin mai, batir da taya tun makon farko. Kada ka zuba duk abin da ke hannunka a saye.

Masu tambaya su aiko ta hanyar da aka saba, ku faɗi irin motar, shekararta da hanyar da kuke bi, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a dukiya da iyali.