Ɗana Yana So Ya Auri 'Yar Katolika

Karatunmu na yau yana cikin Bishara ta hannun Markus, sura 9, daga aya 38 zuwa 41. Mai Littafi a kusa ya buɗe. A wurin nan Yohanna ya kawo wa Yesu labari cewa sun ga wani mutum yana fitar da aljanu da sunansa, suka kuwa hana shi, domin ba ya cikin ƙungiyarsu. Ina jin Yohanna yabo yake jira. Amma Ubangiji ya ce su ƙyale mutumin.

Abin da ya kai ni wannan wuri wata wasiƙa ce daga wani dattijon ikilisiya. Ba zan faɗi sunansa ko garinsa ba. Ɗansa na fari ya nuna yarinyar da yake so, sai ga shi 'yar Katolika ce. Dattijon ya ƙi kai gaisuwa gidan iyayenta, yau wata huɗu shi da yaron sai gaisuwar safe kawai. Ya tambaye ni, "Pasto, 'yan Fada ɗin nan Kirista ne, ko masu bautar gumaka?"

Baba, na gode da ka tambaya maimakon ka yanke hukunci kai kaɗai. Bari mu fara daga tushe.

Kalmar katolika daga Helenanci take, ma'anarta ta ko'ina, ta dukan duniya. Wanda muka san ya fara kiran ikilisiya da wannan suna shi ne Ignatiyus, bishop na Antakiya, wajen shekara ta 110, yana kan hanyarsa zuwa Roma inda aka kashe shi saboda bangaskiya. A lokacin nan babu ɗarika. Ikilisiyar Roma ta sami girma domin birnin ne kan mulki, kuma bisa ga shaidar masu bi na farko, can aka kashe Bitrus da Bulus a zamanin sarki Nero. Da kaɗan da kaɗan ikon bishop na Roma ya yi ta ƙaruwa, shi ne ake ce wa Paparoma. Suna kafa hujja da Matta 16:18, suna cewa Bitrus ne dutsen, Paparoma kuma magajinsa. Mu kuwa mun fahimta cewa dutsen nan shaidar da Bitrus ya bayar ce a kan Almasihu.

Sa'ad da nake kwalejin tauhidi, wani abu ya ƙasƙantar da ni. Na shiga da tunanin cewa daga manzanni sai Martin Luther, tsakani duhu ne kawai. Ashe tsakanin nan kusan shekara 1,500 ce. Su wa suka zauna suna kwafar Littafi Mai Tsarki da hannu, tsara bayan tsara, kafin a ƙera injin buga littafi? Su wa suka taru a Nikiya a shekara ta 325 suka tsaya a kan cewa Yesu Allah ne na gaskiya? Shaidar bangaskiyar da muke faɗa a tsaye ran Lahadi, tare muka gāje ta da su. Agustin, mutumin Afirka ta Arewa wanda ya rasu a 430, shi ya fi kowa a zamaninsa koyar da alherin Allah, Luther kansa kuma ɗan ƙungiyar Agustin ne kafin ya fita. Paparoma Leo na 14 da aka zaɓa a 2025, shi ma daga ƙungiyar nan ya fito. A ƙasarmu kuma, tun da fadan farko suka sauka Shendam a 1907, makarantu da asibitocin da suka gina sun amfani 'ya'yanmu, ba a tambayi kowa ɗarikarsa a bakin ƙofa ba.

To, me ya raba mu? Ba ƙaramin abu ba ne, ba zan ɓoye ba. A 1517 ana sayar da takardun rangwamen horon zunubi a Jamus, ana tara kuɗin ginin majami'ar Bitrus a Roma. Luther ya tashi a Wittenberg ya ce gafarar Allah ba ta kasuwa ba ce, ceto ta wurin alheri ne, ta wurin bangaskiya, kamar yadda Afisawa sura 2 ta koyar. Roma ta hana wannan ciniki daga baya, a 1999 kuma a birnin Augsburg, Katolika da Lutheran suka sa hannu a kan cewa ta wurin alheri kaɗai Allah yake karɓar mai zunubi. Na yi murna da wannan. Amma da sauran magana. Suna ajiye al'adar ikilisiya kusa da Littafi. Littafinsu yana da littattafai 73, namu 66. A 1870 suka ce Paparoma ba ya kuskure idan ya yanke koyarwar bangaskiya daga kujerarsa. A 1950 suka ce an ɗauke Maryamu zuwa sama da jikinta. Na duba, ban ga waɗannan cikin Maganar Allah ba, ba kuwa zan koyar da su ba.

Batun gumaka fa? Idan ka tambayi Fada, zai ce maka ba sa yi wa Maryamu sujada, roƙonta suke ta yi musu addu'a, siffofin kuma abin tunawa ne. Ya kamata mu faɗi abin da suka ce daidai, gama shaidar zur zunubi ce ko a kan wanda ba mu yarda da shi ba. Amsata ita ce 1 Timoti 2:5, matsakanci ɗaya ne, ya kuwa isa. Na kuma ga mutane da yawa da ba su san bambancin da Fada ya sani ba. Sai dai kafin mu nuna yatsa, mu duba masu sayen man shafawa da ruwan addu'a da hankici a namu ikilisiyoyin. Wannan cinikin da Luther ya ƙi, yau a gidanmu ya fi ci.

Ga wani abu kuma, Baba. A Uganda a 1886, sarki Mwanga ya sa aka ƙone samari a Namugongo, 'yan Katolika da 'yan Anglika wuri ɗaya. A Janairu 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN daga Michika, a cikin makonnin nan kuma aka kashe Michael Nnadi, yaro ɗan shekara 18 mai karatun zama Fada a Kaduna. Saboda suna ɗaya suka mutu. Ni dai bakina ba zai iya cewa ɗaya ɗan'uwana ne, ɗaya kuwa ba nawa ba.

Saboda haka ka kira yarinyar gida, ku zauna tare da mahaifiyar yaron. Kada ka fara da tambayar majami'arta. Tambaye ta wanene Yesu a gare ta, da abin da take dogara a kai domin cetonta. Akwai 'yan Katolika da suka san Ubangiji ƙwarai, akwai kuma masu sunan Kirista kawai, kamar yadda suke a bencinmu. Bayan haka ku yi maganar da ake gudu. Dokarsu ta ce mai auren wanda ba Katolika ba zai yi alkawarin iyakar ƙoƙarinsa a yi wa 'ya'ya baftisma a kuma rene su cikin Katolika. Ɗanka ba za a sa shi alkawari ba, amma za a sanar da shi. Jibin Ubangiji kuma ba za su ci a tebur ɗaya ba. Ina za a ɗaura auren? Ina jikokinka za su yi sujada? A gama wannan kafin a biya sadaki, da pastonku da Fadansu a zaune. Idan sun kasa daidaitawa, gara su sani yanzu. Amma yau da dare, ka kira ɗanka ku ci tuwo tare.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba bawanka wannan hikima da taushin zuciya. Ka bi da yaron nan da yarinyar nan cikin nufinka, ka maido da salama a gidansu. Cikin sunan Yesu, amin.

Sai mako mai zuwa idan Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.